Yadda Muka Ba Teku Baya a Kerala

Tun da muka dawo daga Indiya, duk Juma'a in an idar da salla a masallacinmu na nan Lanham a Amurka sai wani ya ja ni gefe ya ce, "Baba Idi, an ce ka zaga bakin tekun Indiya kaf. Wanne ya fi kyau? Muna so mu kai iyali hutu." Masu tambayar nan kuwa likitoci ne da injiniyoyi, ni ko direban tasi ne da ya gudu daga firamare tun kafin a fara lissafin rabawa. Na gaji da ba da labari a tsaye, gwiwa ba ta ɗauka, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa. Malamin da ya koya min rubutu ya daɗe da rasuwa, babu inda za a kai ƙara.

Da farko dai ku sani ba hutu ya kai ni ba. Matata Hajiya Uwani ce hawan jini ya kayar a kicin, ta farfaɗo ɓarin jikinta na hagu ba ya jin magana. An yi mata gashi a wani asibiti a Greenbelt, hannu ya fara motsi, sai masu inshora suka ce iyakar abin da za su ɗauka ke nan. Ƙafa ta tsaya inda take. Macen da a da in ta shiga kantin kayan miya na 'yan Afirka sai na roƙe ta mu tafi, ta koma keken guragu, daga ɗaki zuwa falo, daga falo zuwa ɗaki. 'Yarmu Bilkisu nas ce, suna aiki da wata Ba'indiya mai suna Sista Meri. Ita ta ce a jiharsu ta Kerala akwai wani likita da ke haɗa gashin asibiti da tausar mai irin tasu ta gargajiya, shi ya ta da mahaifinta daga irin wannan kwanciya. Ta kawo mana wani littafi mai kauri na masu yawon buɗe ido, ta lanƙwashe kunnen shafin da ƙauyen likitan yake.

Ina buɗe littafin gabana ya faɗi. Ruwa ne shuɗi daga bango zuwa bango.

Dole in gaya muku dalilin faɗuwar gaban. Muna da ɗa namiji, shi ne na fari. Lokacin da takardun kawo iyali Amurka suka fito an ba uwar da Bilkisu, shi aka ce shekarunsa sun wuce, ya jira layi. Ya jira a garinmu Mai'aduwa har jiran ya ishe shi. Bai yi shawara da kowa ba ya bi ta Agadas zuwa Libiya, ya hau irin jirgin robar nan da ake cusa mutane. Jirgin ya nutse a teku, wani ɗan garinmu da ya tsira shi ya bugo mana waya. Ba gawa, ba likkafani, ba kabarin da za a je a tsuguna. Kun kuma san al'adarmu ta kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "wancan" ko "yayan Bilkisu". Ranar zaman makoki haka ta zauna ido a bushe tana yi wa masu ta'aziyya godiya, mata suna ta yaba mata dauriya. Amma daga ranar ta ɗauke wa teku gaisuwa. In aka nuno shi a talabijin sai ta juya kujera. An taɓa gayyatar mu walima a hayin babbar gadar nan ta Chesapeake, muna hango ruwa ta ce in juya mota. Na ce, "Hajiya, wannan fa ba shi ne wancan ruwan ba." Ta ce, "Malam, ruwa ɗaya ne. Kowa ne ya raɗa wa na ƙofar gidansa suna."

To ta yaya zan nuna wa wannan matar littafin? Sai na zauna na zaɓi shafukan da itatuwan kwakwa suka fi yawa, na lanƙwashe kunnensu. In zan nuna mata sai in ɗora babban yatsana a kan shuɗin. Ta ce, "Garin kuwa akwai inuwa. Mene ne a ƙarƙashin yatsanka?" Na ce talla ce. Bilkisu tana bayanta tana hararata, amma ba ta tona ni ba, don ita ma so take uwarta ta taka ƙasa. Aiki bai bar ta ta bi mu ba. Ta sa min abin nuna alƙibla a waya, ta nanata min yadda ake dubawa kamar tana koya wa ɗan yaye, muka kama hanya mu biyu.

Sunayen wuraren nan harshena bai iya su ba, kowanne sai ka ce mutum na kurkure baki. Don haka zan kira su da sunan da na sa musu.

Na farko shi ne Bakin Hasumiya. Muna fitowa daga filin jirgi direbobi suka yanyame mu. Na ciro littafi in nuna shafin Sista Meri, sai na tarar da kunnuwa a lanƙwashe birjik, nawa da nata sun cakuɗe, ni kuma Turancina na baki ne, ba na ido ba. Na tsaya ina juya shafuka ina gumi. Hajiya ta ce, "Malam, ka dai san inda za mu?" Na ce, "Haba Hajiya, mutumin da ya san kowane lungu na Washington?" Na rufe littafin na nuna wa direba hoton bango, wata doguwar hasumiya mai ratsin ja da fari. Na ce a raina, duk likitan da ya shahara ai a bango za a sa garinsa.

Muna tafe na ga wani ƙaton allon talla, mace riƙe da sarƙar zinariya tana murmushi. Can an jima na sake ganinta. Na taɓa kafaɗar direban na ce masa da Turancina na tasi, "Ɗan'uwa, ni ma sana'ata ke nan. Wannan baiwar Allah mun gaisa ɗazu." Ya dube ni ta madubi, ya kaɗa kai irin nasu, wanda ba ka sanin i ne ko a'a, ya fashe da dariya, ya miƙe hanya. Har ya tsaya ya saya mana kwakwa ɗanya aka sare mata kai muka sha, wai gaisuwar 'yan sana'a ɗaya.

Tun kafin mu sauka Hajiya ta kasa kunne.

"Malam, ƙarar mece ce wannan?"

"Babbar hanya ce, irin Beltway ɗinmu."

"Beltway mai ƙarnin kifi?"

Sai muka sha kwana, ga shi nan shimfiɗe har inda ido ya ƙare, yana tasowa yana zubewa. Na ɗauka za ta yi min faɗa, na ma shirya amsa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta yi min kallon da ban taɓa gani ba tun aurenmu, ta ce, "Juya min keken." Daga ranar magana ta ƙare tsakaninmu sai ta dole: ruwa, magani, banɗaki.

Ga masu neman hutu, Bakin Hasumiya wuri ne mai kyau in kana da ƙarfin cewa a'a. Yashinsa laushi, ruwansa ɗumi, amma ba ka taku biyu sai wani ya tare ka da zane ko abarba ko tabarau. A nan wani mai farar riga har gwiwa ya tare mu, ya duba ƙafar Hajiya, ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce ai shi ne likitan da muke nema. Da na ambaci Sista Meri ya dafe ƙirji ya ce ƙanwarsa ce. Aka kwashe kwanaki wata mata tana shafa wa Hajiya mai a bayan labule, ƙafa ba ta ko motsa ba, sai dai zanin gado ya lalace. Ran nan da yamma na fita neman burodi, sai ga likitanmu da gajeren wando yana kafa wa wasu Turawa laima a yashi.

Na ce, "Dakta, an sauya maka ma'aikata ne?"

Bai ko ji kunya ba. Ya ce da safe likita, da yamma laima, kowa da iyalin da yake ciyarwa. Ya ƙara da cewa babban likitan da ya koya masa aiki yana can gaba, a wani bakin tekun. Ni kuma saboda tsananin wayona na yarda.

Kafin mu bar nan, ga abin da ya kamata ku riƙe, don shi ne cibiyar labarin. Ranar farko da lokacin salla ya yi na ɗauko waya, kibiyar ta nuna min teku tsaye car, wato yamma, inda rana ke faɗuwa. Na girgiza ta, na kashe na kunna, na ɗan buga ta a cinya. Tana nan a kan bakanta. Na ce lallai jirgi ya juya mata kai. Tun ina yaro a Mai'aduwa in za a yi salla mahudar rana ake fuskanta. Na zo Lanham, nan ma can ne, sai dai a ɗan karkata hagu. Makka dai ba tashi take ta koma wata unguwa ba. Na jira gari ya waye na ga ta inda rana ta ɓullo a bayan itatuwan kwakwa, na shimfiɗa darduma can, na juya keken Hajiya can. Bayanmu ga teku. Wannan ne kaɗai abin da na yi a tafiyar da ba ta yi min musu ba. A unguwar masu yawon buɗe ido muke, ba na iya barinta ita kaɗai in nemi masallaci, don haka babu wanda ya gan mu balle ya ce wani abu.

Zango na biyu shi ne Bakin Tsani. Garin a kan wani jan tsauni yake, tekun na can ƙasa, sai ka bi matattakala mai tsawo kafin ka taɓa yashi. In Allah ya ba ka gwiwa, je ka, iskar wurin kaɗai ta isa magani. In da keken guragu ka zo, ka zo kallon wasu ne. Babban likita kuwa ko mai kama da shi babu. Abin da na tarar Turawa ne jere a kan tabarmi kowa ya ɗage ƙafa ɗaya ya haɗe hannuwa sama. Sun biya kuɗin jirgi sun zo koyon tsayuwa da ƙafa ɗaya, mu muna neman ta biyun ido rufe. Na dawo da gudu na ba Hajiya labari ko za ta yi dariya. Ko gezau.

Abinci ma ya ƙi mu. Komai da kwakwa, shinkafarsu ja ce mai kauri, miyar kifi da tsami. Ni bakina ba ya zaɓe, amma na yi mafarkin tuwo da miyar kuka har na farka ina tauna. Hajiya kuwa ta daina ci sai shayi. Duk lokacin da Bilkisu ta bugo sai in fita waje in ce, "Lafiya lau, likita na ƙoƙari." Wata safiya ina ɗaura mata ɗankwali, don hannun hagun bai iya kai wa ƙeya ba, ta yi maganar da ta fi kowacce tsawo tun saukarmu.

"Malam, ka mai da ni gida. Ba Lanham ba, Mai'aduwa. Na haƙura da ƙafar. A kwantar da ni kusa da uwata, inda in an ce ga kabari za a ga kabari."

Na fita na kira Bilkisu na zayyana mata komai. Ta yi min faɗa rabi da Hausa rabi da Turanci, na gode Allah da rabin Turancin ya wuce ni. Ta haɗa ni da Sista Meri, ita kuma ta rantse ba ta da wa mai kafa laima. Kafin azahar ƙanenta na gaskiya ya zo da mota. Na roƙi Hajiya ta ba ni wannan karon kaɗai, in bai yi ba ni da kaina zan kai ta Mai'aduwa. Ta ce, "Ka dai rage ɗora yatsa a kan abu."

Asibitin gaskiyar ƙarami ne, can cikin gonaki nesa da ruwa, ko ƙararsa ba a ji. Likitan dattijo ne mai furfura a kunne, ba shi da farar riga ma. Safe da yamma mata biyu na yi wa Hajiya tausa da mai mai ɗumi, sannan a sa ta tura katako da tafin ƙafa, a ɗaga, a lanƙwasa. Sannu a hankali yatsun suka fara motsi, sannan gwiwa. Ta iya miƙewa riƙe da ƙarfe. Amma taku ya gagara, da ta ga siminti a ƙasa sai jikinta ya ɗau rawa ta koma ta zauna. Da kwanakin bizarmu suka fara ƙarewa likitan ya kira ni ya ce ƙarfi ya dawo, saura ta yarda da ƙafar. Majinyatansa duka a kan jiƙaƙƙen yashin bakin teku suke fara taku, inda ƙasa ke riƙe ƙafa, in an faɗi kuma ba a jin ciwo. In ta koma Amurka ba ta taka ba, ƙafar za ta sake kwanciya, aikin ya tashi a banza. Na ce, "Dakta, ba wani yashin? Ko na gini ne sai in saya." Ya ce ya riga ya kama mana ɗaki a ƙauyen masunta.

Wannan shi ne zango na uku, Bakin Masunta. A littafin hotonsa bai fi girman akwatin ashana ba. Babu laima, babu mai sayar da tabarau, sai kwale-kwale masu fenti da hankaki. Ɗakinmu a bayan gidan wata tsohuwa yake, Musulma, mai sayar da kifi, sunanta Fatumma. 'Yar firit ce, da farin mayafi da muryar da ta fi ta girma. Ba ta jin Turanci, mu ba ma jin yarensu, amma wannan bai hana ta yi mana hira ba tun daga ƙofa. Da safe ta shigo da faranti a rufe. Hajiya ta ɗaga murfin, ta tsaya tana kallo. Wani farin abu ne na shinkafa, tsakiya kumbure, gefe siriri.

Ta ce, "Malam, sinasir ne."

Ta gutsura, ta tauna, ta cinye biyu. Fatumma na tsaye tana tafa hannu. Amma zancen yashi, Hajiya ta ce in ma daina. Ta sa na jingina kekenta da bangon da ke kallon gonaki.

Washegari aka ɗauke wuta, ɗaki ya zama tanda, muka fito inuwar kwakwa mu yi la'asar. Na shimfiɗa darduma gabas yadda na saba. Ina sallamewa na ga Fatumma tsaye riƙe da ƙugu, baki buɗe. Ta sunkuya ta ja dardumata ta juya ta ta koma kallon teku. Na yi murmushi irin na mai ilimi na mai da ita. Ta sake juyawa. Na sake mayarwa, ina nuna mata sama ina cewa, "Makka, Makka." Ta buga cinya ta ce, "Makka!" tana nuna ruwa. Da ta ga taurin kaina ya fi ƙarfinta sai ta kama hannun rigata ta ja ni kamar akuya, muka ratsa tsakanin gidaje har wani ɗan masallaci kore. Ta nuna min inda liman ke tsayawa. Teku yake kallo.

Limamin saurayi ne da ya taɓa aiki a ƙasar Larabawa, yana ɗan jin Turanci. Fatumma ta zazzage masa labari, masunta da ke gyaran taru a gefe suka ajiye aiki suna dariya har da riƙe ciki. Shi bai yi dariya ba, sai dai gefen bakinsa na rawa. Ya tsuguna ya ajiye dutse a yashi ya ce ga Makka. Ya ja layi a gefe ɗaya ya ce ga ƙasarku. Ya ja wani a ɗaya gefen ya ce ga inda kake tsugune yanzu. Ashe a cikin jirgi mun tsallake Makka mun bar ta a baya ina barci. Na daɗe ina kallon zanen. Can na ce masa, "To ina Libiya, da tekun da ke gabanta?" Ya ɗauki wani ɗan tsakuwa ya ajiye can bayan dutsen Makka.

A hanyar dawowa na ciro waya na ba ta haƙuri. Daga baya da na kira malaminmu na Lanham in ji hukuncin sallolin, sai da ya yi dariya har tari ya sarƙe shi kafin ya ba ni amsa. Amma a lokacin ba hukunci ne a raina ba, yadda zan gaya wa Hajiya ne.

Na gaya mata ba tare da yatsa a kan komai ba. Rana ta yi ƙasa, ta yi ja, tana shirin faɗawa cikin ruwan. Aka kira magariba. Matar da ko a gadon asibiti da ido ta yi salla ba ta bari lokaci ya wuce ba, ga ta zaune ta ƙanƙame hannun keke.

"Hajiya, lokaci na tafiya."

"Na ji kiran, Malam. Kunnena bai shanye ba."

Sai ga Fatumma ta fito da butarta. Ta dubi Hajiya, ta dubi keken da ya ba ruwa baya, ban san abin da ta karanta ba. Ta zo ta tsuguna a gabanta. Ta ɗaga yatsu uku, ta yi alamar goyo. Ta kama yatsan farko ta lanƙwashe shi a hankali, ta nuna teku. Sannan ta miƙe ta juya ta ɗaga muryar nan tata ta kwaɗa kira, "Bashir!" Kamar mai kiran yaro ya zo cin tuwo. Masuntan da ke wucewa ko waiwaye ba su yi ba, da alama kullum ne.

Hajiya ta ce ƙasa-ƙasa, "Na farinta ne?"

"Haka ta nuna."

"Kuma take kama sunansa haka a gaban mutane?"

"Su ba su da irin kunyarmu."

Ta daɗe tana kallon tsohuwar. Sannan ta ce in zana mata abin da liman ya zana. Na tsuguna na ajiye dutse, na ja layuka. Ban yi niyyar sa tsakuwar ba, amma hannuna ya sa. Ta ce wannan fa? Na faɗa mata. Ta bi layin da ido, daga inda muke, ta kan dutsen, zuwa tsakuwar.

"Ashe daga nan gefe ɗaya suke, shi da alƙibla." Ta ɗago ta dube ni. "Duk kwanakin nan shi na ba baya."



Ta ce, "Juya ni."

Na juya keken. Na tsaya gabanta na ta da salla, Fatumma ta tsaya kusa da ita. Bayan mun idar na saci kallonta, idonta a buɗe yake, yana kan ruwan.

Da gari ya waye, masunta sun yi layi suna jan igiyar taru daga teku, suna ja da baya suna waƙa. Hajiya ta ce in kai ta kusa. Na tura keken, muna shiga yashi ƙafafunsa suka nutse. Na tura, na ja, na yi nishi, ko motsi. Wasu masunta suka saki igiya suka taho za su ɗauke ta da keken gaba ɗaya. Ta ɗaga musu hannu ta ce a'a. Ta ce, "Malam, zo ta hagu. In ka sake ni, Allah ya isa." Fatumma ta shiga ta dama. Hajiya ta miƙe. Ta jefa ƙafar dama, ta tsaya, ta jawo ta hagu tana jan yashi. Ta sake. Nauyinta duk a kafaɗata, ina jin zuciyarta na bugawa. Da muka kai inda yashi ya jiƙe sai na ji nauyin ya ragu, ƙafar ta hagu ta ɗaga da kanta ta sauka ta bar sawu. Ruwa ya taho da kumfa ya rufe mata idon sawu ya koma.

Ta ce, "Kabiru."

A hankali ta faɗa, kamar mai ɗanɗana abu. Sannan ta cika ƙirji ta kira shi da ƙarfi, ta sake kira, kukan da ba ta yi ba a zaman makoki ya zo gaba ɗayansa. Fatumma ta riƙe ta tana bubbuga bayanta tana magana da yarensu, Hajiya na amsa mata da Hausa, kuma na rantse sun fahimci juna. Ni kuwa gishirin teku ne ya shiga min ido, kowa ya san yadda yake yi.

Sauran kwanakin kullum da safe suna can su biyu, tun ina riƙe ta har ta ce in matsa ina tare mata iska. Ranar da za mu taho ta cire ɗankwalinta mafi kyau ta ɗaura wa Fatumma, da hannu biyu ta ƙulla shi a ƙeya. Keken muka bar wa asibitin.

To masu tambaya, ga amsarku. In hoto kuke so, ku je Bakin Hasumiya, ku gaishe min da Dakta in kun same shi a wurin laima. In iska kuke so, ku je Bakin Tsani. Amma ni a wurina babu kamar wanda keke ke nutsewa a yashinsa. Ko'ina kuka je kuma, in waya ta nuna muku ruwa, kada ku buga ta a cinya.

Yanzu Hajiya da sanda take tafiya, ta koma kantin kayan miya, na koma roƙonta mu tafi. Da zafi ya shigo ita ta ce in kai ta hayin gadar nan ta Chesapeake, muna tsakiya ta sauke gilashi. Rannan kuma Bilkisu ta zo cin abinci, an yi miyar kuka. Muna cikin ci Hajiya ta ɗanɗana ta ce, "Daddawar ta yi yawa. Da Kabiru na nan da ya ce a ƙara masa." Cokali ya suɓuce daga hannun Bilkisu ya faɗi a faranti. Uwar ta dube ta ta ce, "Mene ne? Ba sunansa ba ne? Ci abincinki."